Saran Farko a Unguwar Rundawa

Kwanan baya wasu samari suka same ni a ƙofar gida, kowa da babur, riguna iri ɗaya, suka ce sun kafa ƙungiyar gyaran gari, kuma an gaya musu na taɓa yin irinta tun iyayensu suna goye. Na tambaye su wa ke riƙe shebur a cikinsu. Suka nuna mini shugaba, suka nuna mataimakinsa, da sakatare, da mai hulɗa da jama'a. Na ce na ji, shebur fa? Sai dariya. Ɗayansu ya ce ai aikin ba wuya, lambatu ne kawai, a haƙa rami ruwa ya bi. Ban ji haushi ba, ni ma na taɓa tsammanin haka. Na ce su kashe baburan su zauna.

Ni gini na koya, a hannun Baba Sanda, mutumin Bakura da ya zauna nan Mafara tun yana saurayi. Gajere ne, mai kaurin dantse, kuma bai san yadda ake yabon mutum ba. In ka yi aiki ya duba ya ce "To," ranar ka koma gida da murna. Shekarun farko ban taɓa ɗora tubali ba. Aikina in shiga ƙasa da ƙafa in tattaka, in zuba ramno, wato busasshiyar ciyawar da ke riƙe ƙasa, in yayyafa ruwa, a bar ta ta ruɓa, gobe in sake tattakawa. Daga nan na samu girma, aka ba ni jifar tubali. Yana saman bango, ina ƙasa ina jefa masa. In jifar ta yi ƙarfi ya bar tubalin ya wuce ya fashe, in ta gaza ya bar shi ya dawo kaina, shi ko hannu ba zai miƙa ba. A wurinsa na koyi jera azara, da dama makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi, da sa indararo yadda ruwan soro zai zuba nesa da gindin bango. Ladanmu tuwo ne da rigar Sallah, kuma a lokacin ba wanda ya ga laifin haka.

Sai aka fara aikin dam na Bakolori. Manyan motoci suka cika hanya, aka ce ana ɗaukar lebura da albashi. Mu yaran Baba Sanda muka zame ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Ranar da na je sallama yana yaɓe wani zaure, bai ko juyo ba, ya ce Allah ya ba da sa'a. A can na koyi siminti, na koyi shimfiɗe cikin hanyoyin ruwan da za su kai gonaki, na koyi awo da siririn tiyo da ake cika da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa a gane inda ƙasa ta gangara. Garin Mafara kuwa ya kumbura. Ga ma'aikata daga ko'ina, ga mutanen da ruwan dam ya ci ƙauyukansu wajen Maradun, kowa ya samu ɗan fili sai ya ta da ɗaki yadda ya ga dama. Wani ya toshe hanyar da ruwa ke bi tun zamanin kakanni, wani ya juya indararonsa cikin tsakar gidan maƙwabci.

Da aikin ya ƙare aka sallame mu, kuma shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Duk wanda ya sayi rediyo ko keke da albashinsa, sai ka gan shi ranar Talata a kasuwa yana neman mai saye. Ni har cokalin ginina na kai, Allah ya sa ba wanda ya taya. Damina ta zo da ƙarfi, sababbin unguwannin suka cika da ruwa, bango na faɗuwa, mutane na kwana a makaranta. Aiki kam ga shi nan a ko'ina. Matsalar ita ce mu da muka ɗanɗana albashi ba mai son komawa ƙarƙashin maigida, shi kuma Baba Sanda ga ilimi amma ba hannu, yana zaune ƙofar gida yana korar kaji.

Shi ya aiko aka tara mu, mu goma sha wani abu, gindin wata tsamiya bayan kasuwa. Na zaci zai ce mu dawo ya yafe mana. Sai ya ce ya lura ba mu son maigida, shi ma ya gaji da zama maigidan mutanen da ke gudu, saboda haka a yi aikin babu maigida, a ga wanda zai fara kuka. Muka yi dariya, amma a nan aka ƙulla komai. Aka tara kayan aiki a ɗaki guda, galma da diga da shebur da kwanduna da tiyon da na zo da shi, ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Abin da aka samu a raba daidai. Shugabanci kuwa aka ɗora shi kan igiyar awo. Duk wanda igiya ta zo hannunsa shi ke jan wannan aikin, in an gama ya naɗe ta ya miƙa wa na gaba. Shi ya sa mutane suka riƙa ce mana 'yan igiya.

Aikinmu na farko a garin Ruwan Gizo ne, inda hanyar da ta bi tsakiyar gari ta zama kwazazzabo. A nan muka fara abin da ya zama al'adarmu, wato bin ruwa. Ba ma sara ƙasa sai an yi ruwan fari, mu fita da masu unguwa yayin da ƙasa ke da danshi, mu bi sawunsa daga inda ya taso har inda ya kwanta. Kan hanya za ka ji abin da awo ba zai gaya maka ba. Wannan zai ce nan jakuna ke juyawa da kaya, wancan ya ce ta nan ake fita da gawa, kada a ƙuntata. Muka karkatar da ruwan ya zuba cikin kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, don masu dabbobi su samu na shayarwa, muka dasa dogon-yaro a bakinsa saboda kada ya zabtare. Ba mu sayi abin da ƙasar wurin za ta iya ba mu ba. Siminti sai inda ruwa ke duka kai tsaye.

In ra'ayi ya rabu, sai a shimfiɗa igiyar a ƙasa. Magina kowa ya ajiye cokalinsa a gefen da ya zaɓa, mazan unguwa su tsaya gefen da suke so, mata kuma a ba wata dattijuwa ƙwarya ta shiga gida-gida, mai son kaza ta jefa tsakuwa, mai son kaza ta jefa ƙwayar wake. Muryar Baba Sanda guda ce, daidai da ta wanda jiya ya koyi riƙe shebur. Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku gwada kallon mutumin da ya koya muku komai yana ajiye cokalinsa kusa da naku, bai fi naku nauyi ba.

A Damri muka gyara rumfunan kasuwa, kuma a nan muka gano giɓin da ke cikin tsarinmu. Akwai wani Labbo a cikinmu, gwani ne amma da taurin kai. Ya so rumfunan su fuskanci gabas, jama'a suka zaɓi kudu. Labbo ya zo aiki kullum, sai dai hannunsa na baya, yana zagaye mu. Bango ya ɗan tsage, ya ce ai ya faɗa. Jaki ya ture tubali, ya ce ai ya faɗa. Har muka fara fatan wani abu ya lalace a gefensa don mu rama. Da aka gama, Baba Sanda ya ce wannan ba zaman ƙungiya ba ne, ya kawo doka: duk maginin da ya fi ta da jijiyar wuya a gefen da aka kayar, shi zai yi saran farko. Ba wanda zai taɓa ƙasa sai ya sara, don kada a samu mai tsayawa gefe yana jiran aiki ya rushe. An ba shi zuwa kasuwar Talata mai zuwa ya huce. In Talata ta wuce bai sara ba, ya fita daga cikinmu, ko waye shi. Kowa ya yarda, har Labbo, wanda ya ce Allah ya nuna masa ranar da dokar za ta hau kan mai ita.

Aikin unguwar mahauta, waɗanda mu nan muke ce wa rundawa, shi ne na farko da igiya ta zo hannuna a cikin garin Mafara. Shekarun dam sun yi wa rundawa daɗi, ma'aikata na cin nama, yanka ya ninka, gidaje suka ƙaru kewaye da mayanka. Amma ruwan wanke-wanken mayankar ba shi da hanya. Da rani wari, da damina ya haɗu da ruwan sama ya shiga gidaje da jini da ƙazanta. Sarkin Fawa da kansa ya zo ya kira mu, ya ce a yi kafin marka, wato tsakiyar damina lokacin da ruwa ba ya ɗagawa, don bara bangon gidaje da yawa ya jiƙa har rabi, bana ba za su jure ba.

Muka bi ruwa bayan ruwan fari, muka auna da tiyo. Hanyar a bayyane take, daga mayanka ta miƙe ta gangara zuwa wani tsohon kududdufi a bayan unguwa. Abu ɗaya ne a kanta, ɗakin wata tsohuwa, Inna Kulu, mai dafa ganda tana sayarwa. Ba 'yar garin ba ce. Ruwan dam ya ci ƙauyensu, mijinta ya rasu ba da daɗewa ba, ta biyo wani ɗan'uwanta barunde ya yanka mata gefen filinsa. Ɗakin ba wani abin kallo ba ne, bangonsa ma a karkace yake. Baba Sanda ya ce a rushe shi, mu gina mata sabo mai kyau a can gefe, kyauta, har da makuba. Ya ce lambatu mai lanƙwasa ciwo ne, ruwa zai riƙa dukan bangon waje yana cinye shi, yashi kuma ya taru a ciki. Kuma gaskiyarsa ce, duk wanda ya san aikin ya san haka.

Ni na je wurinta da maganar, tun da ni ne mai igiya. Na same ta tana kankare ƙafar saniya. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara da gajiya da ruwa, na tambayi kasuwa da jiki, sannan na shimfiɗa mata komai, na ƙara da cewa sabon ɗakin zai fi wannan faɗi. Ta saurare ni har na gama, wuƙar ba ta tsaya ba.

"Ɗana, tambayata kaz zo yi, ko hwaɗa min kaz zo yi?"

Na ce tambaya ce, Inna.

"To, an tashe ni so guda, ba wanda yat tambaye ni. Ku kun tambaya, Allah shi yi muku albarka. Na ce a'a."

Sai ta miƙo mini ganda a ganye.

Ranar taro unguwar ta cika. Baba Sanda ya yi magana mai tsawo, abin da bai saba ba. Ya zana hanyoyin biyu a ƙasa da sanda, ya nuna inda ruwa zai daki bango, ya ce ba ƙin tsohuwa yake ba, gidajen mutane da yawa yake dubawa. Wasu rundawa suka goyi bayansa. Wasu suka ce in aka fara rushe ɗakin wanda ya ce a'a, to kiran taron ma ba shi da amfani. Aka shimfiɗa igiya. Maza suka rabu kusan daidai. Ƙwaryar mata ta fito, aka juye, kusan duk wake ne, wato a kewaye ɗakin. Magina suka ajiye cokula, wasu nan wasu can. Mai igiya shi ke ajiyewa a ƙarshe, don haka kowa na kallona, har da Baba Sanda. Nawa ba zai canza sakamako ba, mata sun riga sun gama magana, kuma da na so sai in ajiye kusa da nasa in huta. Amma na riga na zauna gaban tsohuwar na ce mata tambaya ce. Na ajiye a gefen wake.

Baba Sanda ya dubi cokalin, ya dube ni, ya ce, "To." Wannan ba irin "to" ɗin da na saba murna da ita ba ce. Ya ɗauki nasa ya soke a ɗamara, ya kaɗe riga, ya tafi ba sallama.

Dokar ta hau kan mai ita. Ba wanda ya yi jayayya irin tasa, saran farko nasa ne, kuma in Talata ta wuce, ni mai igiya ni zan tsaya gaban jama'a in ce mutumin da ya koya mini riƙe cokali ba ya cikinmu. Na kafa turaku, na ja igiya ta kewaye ɗakin Inna Kulu, muka tara yashi da birji, wato jar tsakuwa, muka zauna jiran Baba. Washegari bai zo ba. Kwanan da ya biyo ma haka. Na je gidansa, matarsa ta yi magana ta bayan ƙofa, ta ce ya fita tun ranar taron da guduma da buta, bai ce ga inda za shi ba, ita ma ba ta saba tambayarsa ba. Sai labari ya fara yawo, wai an gan shi a Damaga, wai wani mai shanu ya ba shi ginin gida, ya koma maigidansa kamar da.

Hadari kuwa kullum sai ya taso daga gabas ya yi baƙi ya watse. Sarkin Fawa ya same ni ya ce shi bai san dokarmu ba, ya san bangon gidansa, in wani ya ɗauki diga ya fara mana. Cikin magina ma aka rabu. Wasu suka ce dattijo ne, a yafe masa, ni in sara a madadinsa a rufe maganar. Labbo ya ce sam, lokacin da aka kafa dokar an ce ko waye. Na zaci daɗi yake ji, sai na ga idonsa ya yi ja. Ya ce in aka ɗaga wa Baba, to an mai da shi maigida ke nan ta bayan gida, kuma Baba da kansa ba zai gode mana ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa saboda haka. Ina son Baba Sanda, ban taɓa gaya masa ba, don ba irin maganar da ake yi da shi ba ce.

Talata ta zo. Tun da hantsi muka hallara, kowa da kayan aikinsa a ajiye. Kasuwa ta cika, ana jin hayaniyarta daga nesa, rundawa na ta kai nama suna dawowa suna leƙa mu. Inna Kulu ta fito da tukunyarta ta zauna ƙofar ɗaki kamar ba saboda ita ake yi ba. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Masu kasuwa suka fara naɗe kaya. Na tashi na kama bakin igiya, ina shirya yadda zan faɗi maganar.

Sai muka ji ana korar jakuna ta lungun mayanka. Jakuna ne jere, kowanne da mangala ta rinjaye shi, suna tafe da ƙyar. A bayansu Baba Sanda, ƙura har gira, yatsunsa biyu ɗaure da tsumma. Ashe Damagar da aka gan shi aron jakuna ya je wurin wani abokinsa, daga nan ya hau dutse wajen Maradun ya zauna yana fasawa da hannunsa. Ya tsai da su daidai inda igiya ta lanƙwasa, ya kwance mangalar farko, baƙaƙen duwatsu masu faɗi suka zube.

Bai yi gaggawa ba. Ya fara gaida Sarkin Fawa, ina wuni, ina gajiya, ina gida, yaya kasuwa, yaya ruwa. Ya je ya durƙusa ya gaida Inna Kulu yadda ake gaida yaya. Ya bi magina ɗaya bayan ɗaya, har Labbo. Mu duk mun ƙagu, shi kuwa sai da ya gama tsaf sannan ya juyo.

"Kun kada ni, na ji. Amma ruwa bai zo taronku ba, ba shi san abin da kunka yanke ba. In ya iso wurin ga, bango za shi daka. Birji ba ya ɗaukar wanga duka, sai dutse."

Ya ɗauki diga daga cikin kayanmu, ya gwada ƙotar a tafin hannu, ya matso gabana. Mutumin da shekara da shekaru ni ke jiran ya nuna mini inda zan sa ƙafa.

"Mai igiya, nuna min inda za ni sara."

Na nuna masa gindin turken farko. Na ja da baya na ba shi wuri. Ya yi bisimilla ya sara. Kafin digar ta fito daga ƙasa sauran sun duƙa.

Lanƙwasar nan shi ya gina ta da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya faɗaɗa ta fiye da sauran lambatun don ruwa ya samu wurin juyawa. Ya jera duwatsun a bangon waje, kowanne ya ɗan hau bayan na gabansa ta yadda ruwa zai zame a kai maimakon ya shiga tsakani, ya cike da siminti kaɗan. Kafin lanƙwasar ya haƙa ɗan rami mai zurfi inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa. Yana yi yana mita, yana cewa da an bi tasa da tuni an gama, da yanzu yana gida yana shan fura. Inna Kulu ta riƙa aiko masa da romo, yana sha yana gaya mata a fuskarta cewa ɗakinta a karkace yake. Ita kuma ta ce ai ba shi ya gina ba, ina ruwansa. Kafin mu gama ya ɗauki makuba ya yaɓe mata bangon da ke kallon lambatu, wai don kada a ce aikinsa ya jiƙa ɗakin mutane.

Mun rufe aikin da ƙyar, sai marka ta sauka. Ruwan farko mai ƙarfi da rana aka yi shi, bayan azahar, irin wanda ba ka ganin gidan da ke gabanka. Ba wanda ya kira wani, amma duk muka tsinci kanmu a unguwar rundawa, muna raɓe ƙarƙashin rumfar mayanka da buhuna a ka. Ruwan ya taso ja wur, ya cika lambatu har baki, ya gangaro da gudu ya nufi ɗakin tsohuwar. Tana tsaye a ƙofarta, ta ƙi shiga ta ƙi fita. Ya daki duwatsun, ya yi tsalle, ya kumfa, ya juya ya bi bayan ɗakin ya wuce kududdufi. Muka tsaya muna kallo har ruwan sama ya fara tsagaitawa, dutse ko ɗaya bai motsa ba, tsakar gidajen rundawa kuma ba abin da ya shiga sai wanda ya sauko daga sama.

Kowa ya juya yana duban Baba Sanda. Sarkin Fawa ya ce masa, to Baba, yanzu fa? Ya goge ruwa daga gemunsa, ya daɗe yana kallon lanƙwasar.

"Miƙaƙƙe da ya hi," in ji shi.

Sai ya hango wani karan dawa ya gitta a bakin duwatsun yana tara shara. Ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya shiga ruwan ya cire shi.